Jan Sari Mai Yadi Tara

Kayan matattu nake saya in sayar wa masu rai. Yanzu ina faɗin haka ba tare da na sunkuyar da kai ba, amma na yi shekaru ban bari kowa ya sani ba. A katin da nake rabawa wurin biki da suna an rubuta sari, lehenga, sarƙa da awarwaro, kayan Indiya na asali. Babu ƙarya a ciki. Inda kayan suke fitowa ne kawai ban rubuta ba.

Ba kasuwanci ya kawo ni Amurka ba. Aikin kula da tsofaffi na fara, kamar yawancinmu a garin Laurel: ɗaga wannan, juya wancan, wanka, shafa mai, ba da magani. A can na baro lafiyar bayana. Wata tsohuwa 'yar Indiya da na yi jinya ta rasu, bayan kwana biyu na koma ɗauko takalmin aikina, sai na tarar da 'yarta tana cusa sari a baƙaƙen ledojin shara, za ta kai inda ake zuba kayan sadaka. Siliki ne mai nauyi, wanda in ka ɗaga shi yake zubowa daga hannunka kamar ruwa. Na ce ta sayar min. Ta dube ni kamar na nemi ta sayar min da toka, ta ce in kwashe. Ranar Asabar na kai su wani suna, na buɗe but ɗin mota, kafin a raba shinkafa babu ko ɗaya.

Wanda ya san matanmu ba zai yi mamaki ba. Da finafinan Indiya muka tashi, kowace a cikinmu ta taɓa yafa zanin gado a kafaɗa ta juya gaban madubi. Sai dai ba ma ɗaura sari yadda masu shi suke ɗaurawa. Wa za ta bar ciki a waje gaban surukai? Yankawa muke yi. A fitar da doguwar riga, a fitar da gyale, bakin nan mai ado da suke saukewa ta kafaɗa a mayar da shi goggoro.

A hankali na koyi sana'ar. Na koyi zare silin zare ɗaya in kyasta masa ashana: in ya yi ƙaurin gashi siliki ne, in ya dunƙule kamar leda roba ce. Na koyi kankare zaren zinaren bakin zani da farce, in azurfa ta leƙo, a ƙarƙashinta kuma jan siliki, to tsohon aiki ne na gaske. Na haɗa da sababbin kaya, saboda ba kowa ke son nauyi ba: lehenga mai siket kamar lema, cike da duwatsun roba, da 'yan kunne masu kama da ƙararrawa, da sarƙar goshi, da awarwaron gilashi da suke fashe min a kwali tun kafin su iso, da sarin zamani wanda aka riga aka ɗinke masa ninki aka sa zif, a zura shi kamar siket. 'Yan matan Indiya da aka haifa a nan shi suke so. Ba su iya ɗaurin iyayensu ba, ba su kuma da lokacin koyo. Shi ya sa in uwa ta rasu akwatinta yake zama musu kaya, ni kuma lambata tana yawo a tsakaninsu.

In aka kira ni tambaya uku nake yi. Siliki ne? Guda nawa? Asu ya taɓa, ko akwai tabo? Ban taɓa tambaya ko mai kayan tana raye ba. A inda na taso, tufafin mace ba sa barin ɗakinta sai ta bar duniya. A yi mata sutura da farin likkafani, shi ke nan abin da za ta tafi da shi, sauran kuwa na magada ne. Saboda haka in na ga akwatin tsohuwa a buɗe a tsakar falo, baƙuwa irina tana zaɓe, a raina an riga an yi jana'iza. Ko sau ɗaya bai taɓa zo min cewa gawa na iya buƙatar jan siliki ba.

Masu sayena kuwa, in sun tambaya, sai in ce tsohuwar ajiya ce daga manyan gidaje. Sai su gyaɗa kai. Kowa na son ta ji cewa kayan manyan gida ta saka.

Wata shekara da kaka, ganyaye sun fara zuba, wata mata ta kira ni zuwa wani tsohon gida a arewa maso yammacin Washington, unguwar ofisoshin jakadanci. Matar ɗan gidan ce. Na same ta da abin waya maƙale a kunne, tana taron ofis tana nuna wa masu kwasar kaya kujeru da hannu. Ta nuna min akwatunan ƙarfe biyu a ƙasan bene, ta koma maganarta. Ba mu yi kalma goma da ita ba. Ban ga laifinta ba har yau; an ba ta mako guda ta kwashe gidan da aka yi shekara arba'in ana tara kaya a ciki.

A can ƙasan akwati na biyu na sami wani ƙunshi shi kaɗai, an naɗe shi da tsohon farin ƙyalle. Da na kwance, busasshen ganyen darbejiya ya zubo min a cinya. Na yi murmushi, don kakata ma shi take sa wa kayanta saboda asu. A ciki jan sari ne, ja mai duhu kamar zoɓo, da ƙananan gidaje kamar na dara, bakinsa siririn zinare. Na auna da hannu daga hanci zuwa yatsa. Sari yadi shida ne a al'ada. Wannan tara na ƙirga, na sake ƙirgawa, tara. A kusurwa ɗaya akwai tabon rawaya na kurkum, wurin ya tattare kamar an taɓa ƙulla wani abu. Abin da na gani ke nan: yadi uku na riba, da aibi ɗaya da almakashi zai gyara. An naɗe shi daban, an ɓoye shi a ƙasa, duk alamun suna gabana. Idon ciniki na duba da shi.

Tun a mota na san wadda zan kai wa. Wata nas ce 'yar kudancin Kaduna, tana zaune a Fort Washington, babbar mai sayena. Ba sayenta kaɗai ba, bakinta. In ta saka abu ranar Lahadi ta shiga coci, ranar Litinin wayata ba ta hutawa. 'Yarta za ta yi aure, ƙawayen amarya sun shirya wata liyafa da kowa zai yi shigar Indiya, ita kuma ta rantse uwar ango ba za ta fi ta ba.

Da na baza mata shi a kan gado sai ta dafe ƙirji.

"Hajiya, ina kika samo wannan?"

"Tsohuwar ajiya ce, maman amarya. Yadi tara. Riga, gyale, goggoro, duk a jiki ɗaya. Ba za ki haɗu da mai irinsa a wurin ba."

"Wannan tabon fa?"

"Tela zai cire. Ko tafin hannu bai kai ba."

Ni da kaina na kai wa telan. Mutumin Kumasi ne, ɗan zango, yana ɗinki a ɗakin ƙarƙashin gidan da yake haya, titi uku daga gidan nas ɗin. Hannunsa na da kyau, alƙawarinsa ne babu. Don haka na sa shi gaba. Sau uku ina kiransa a mako guda ina cewa in ya ɓata ni da wannan matar, ni da shi har abada.

Ranar Laraba da safe, saura kwana uku liyafar, ina gareji ina ware awarwaron da suka fashe, sai tasi ta tsaya a ƙofar gidana. Wani tsoho ɗan Indiya ya fito da sanda, sanye da kwat da lakataye kamar mai zuwa kotu. Katina ne a hannunsa. Ya tambaya ko ni ce na sayi akwatuna biyu a gida kaza. Na ce ni ce. Na jawo masa kujerar roba, na kira shi Ankul, yadda na ji yaransu suna kiran manya, na fara yi masa ta'aziyya.

Ya ɗaga hannu. "Madam, matata tana da rai."

Na ajiye kwalin da ke hannuna.

Ya yi min bayani a nutse, kamar malamin da ya saba maimaita darasi. An mayar da su gidan ɗansu ne saboda jikinta ya yi nauyi. Likitoci sun sallame ta, nas ke zuwa gida, an ce kwanaki ne. Jiya ta farka ta tambayi jan sarinta. Da shi aka ɗaura musu aure. A danginsu, macen da ta riga mijinta tafiya ba a yi mata shigar makoki. A yi mata wanka, a sa mata sarin aurenta da awarwaronta, a fitar da ita kamar amarya. Suna ɗaukar hakan babban rabo ne ga mace. Shekara hamsin da wani abu, in ji shi, duk shekara sai ta fito da shi ta shanya a inuwa, ta sauya masa ninki don kada ya karye a kan layi ɗaya, ta zuba sabon ganye, ta mayar.

"Sauran ki riƙe, halalinki ne," ya ce. "Wannan ɗaya nake roƙo."

Zan faɗi gaskiyar abin da ya fara zuwa raina, tunda na ɗau alƙalami. Ba tsohuwar ba ce. Nas ɗin da na sayar wa ce, da ranar Asabar, da matan coci. Na tashi na ciro jan sari uku daga kantar kayana, masu kyau, ɗaya ma ya fi nasa tsada nesa ba kusa ba. Na ce ya zaɓa, kyauta.

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, don kada ya kunyata ni. Sannan ya ce, "Madam, in mijinki ya ɓace a kasuwa, aka kawo miki wani mai tsayinsa, za ki karɓa?"

Na ce, "Ankul, nawa mijin da an ba ni canji da na karɓa har da godiya."

Ya yi dariya har da tari. Da dariyar ta wuce sai ya ci gaba da kallona, yana jira. Na ɗauki waya na kira tela. Bai ɗauka ba. Lokacin biki ba ya ɗauka. Na ɗauki makullin mota. Na ce tsohon ya koma gida zan neme shi, ya ce a'a, ƙafarsa ƙafata.

Daga Laurel zuwa Fort Washington sai ka bi babbar hanyar da ta zagaye birnin Washington, ranar kuwa an rufe layi biyu ana gyara. Muna tafiya muna tsayawa. Bayana ya riƙe tun daga ƙugu har wuya. Tun da na fara sana'ar nan nake tsine wa teloli saboda jinkiri, ranar nan kaɗai na roƙi Allah ya sa mutumin Kumasi ya yi halinsa. Tsohon ya ɗora hannu biyu a kan sanda yana ba ni labarin yadda ake ɗaura mai yadi tara, wai sai an ratsa shi ta tsakanin ƙafafu an soke a baya, amarya ba ta iyawa ita kaɗai, gwaggonninta ke taruwa su naɗa ta. Ya ce tabon kurkum ɗin nan, wurin da aka ƙulla bakin zaninta da nasa mayafin ne suka zagaya wuta. Ban ce masa ni na ba da umarnin a cire wurin ba. Ina tuƙi ina shirya ƙaryar da zan yi wa nas: in ce silikin ya ruɓe, ba zai ɗauki ɗinki ba, ga wani a madadinsa. Ƙarya ce mai kyau. Kowa zai tsira.

Muka sauka matakalar ɗakin tela, ni a gaba, tsohon a baya yana lalube da sanda. Rediyo na ta wa'azi, ƙasa duk ƙyalle. Tela ya ɗago da allura a baki.

"Ei, Hajiya! Kin zo duba ni ko? To yau kunya ta kama ki. Ga aikinki can, na fara."

A kan tebur yake. Ya raba shi uku. Yadi biyu masu adon baki ya ware na goggoro, yadi biyu na gyale, sauran biyar a shimfiɗe, duk zanen alli, hannu da wuya da ƙugu, almakashi a kwance a kai. Da mun ƙara rabin sa'a a hanya da ya shiga rigar.

"Ajiye almakashin nan," na ce.

"Jiya ki ce yi sauri, yau ki ce ajiye. Hajiya, ke da kanki kin san abin da kike so kuwa?"

Tsohon ya matso ya tsaya a bakin teburin. Bai taɓa ba. Ya dubi gunduwa ukun, ya dubi kusurwar da aka gutsure, ya tambaya a hankali ina ɗan wurin yake. Tela ya kalle ni, na nuna masa buhun ƙyalle. Muka zazzage shi a ƙasa. Na durƙusa da wannan bayan nawa ina tona guntayen leshi da shadda da atamfa har na same shi, ɗan rawaya-rawaya, bai kai tafin hannu ba kamar yadda na faɗa.

Saura mai kaya, don sarin ba nawa ba ne yanzu. Na kira nas. Ta yi aikin kwana, barci take, amma da ta ji an ce rigar biki sai ga ta cikin silifas da hular barci. Na ja ta gefe na karanta mata ƙaryata.

Ta ɗauki bakin yadin ta naɗe a hannu biyu ta finciko da ƙarfin mai ɗaga marasa lafiya. Ko gezau.

"Wannan ne ya ruɓe? Hajiya, ni za ki yi wa wayo? Wata ta ƙara miki kuɗi ko? Uwar ango ce?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"To mene ne? Na saya, an yanka, nawa ne. Malam tela, ci gaba da aikinka."

Tela ya ce, "Maame, ni dai ku gama tukuna. Almakashi ba ya komawa baya."

Sai a lokacin ta lura da tsohon, yana zaune a kan kujerar awo, ɗan ƙyallen rawaya a tafinsa. Ta tambaya wane ne. Na duba ko akwai wata ƙofa, babu. In na faɗi ko wane ne, sai na faɗi yadda sarin matarsa ya zo hannuna, in na faɗi wannan kuwa sauran a fili yake. Matar nan ba ta da wauta. Na gaji kuma, gajiya irin wadda ƙarya ma take zama aiki. Na faɗa mata duka, da Hausa, tsohon yana kallon bakinmu.

Ta saki bakin yadin. Sannan ta ce, "Tsaya. Koren nan da na saka ranar Ista?"

"Mai shi ta rasu."

"Shuɗin da na sa ranar da yarinyar nan ta gama jami'a?"

"Ita ma."

"Yesu! Hajiya, shekara nawa ina yawo da kayan gawa a jikina, ina rawa a gaban coci?"

"An wanke, an goge, maman amarya. Gwanjon da muka saka muna yara, kin san na wa ne?"

"Kada ki kawo min gwanjo! Gwanjo na san gwanjo ne. Ke manyan gidaje kika ce min."

"Gidajen manya ne."

"Rufe min baki."

Na rufe. Tana da gaskiya. Ta tsaya tana huci, hannu a ƙugu, na ɗauka za ta kwashe yadinta ta haye sama. Sai ta juya wurin tsohon, ta rage tsawo a gabansa, muryarta ta sauya ta koma ta wurin aiki. Ta tambaye shi da Turanci ko matar tana iya haɗiyar ruwa. Ya ce tun jiya sai dai a jiƙa mata leɓe. Ta tambayi yadda numfashinta yake, ko yana tsayawa ya dawo. Ya ce haka ne. Ta tambayi ƙafafunta, ko sun yi sanyi. Ya gyaɗa kai.

Ta miƙe ta dubi tela. "Haɗa shi. Yanzu, ba gobe ba. Ba kwanaki ba ne, ni na san wannan numfashin."

"Maame, ina da riguna bakwai na ranar Asabar."

"Ɗaya ta ragu. Zauna."

Bai sa shi a keke ba, na yaba masa da wannan. Ya zaro zare daga jikin sarin kansa, ya bi layin gidajen darar, yana haɗa gida da gida da hannu, yana mita ƙasa-ƙasa da yarensu. Ni na riƙe masa baki ɗaya, nas ta riƙe ɗaya, ba mai kallon wata. Ya goge allin da ɗanyen ƙyalle. Kusurwar ce ta ba shi wuya, don ya gutsure ta a karkace. Sai da ya warware sau biyu. Aka kira la'asar a wayarsa yana kan ɗinkin ƙarshe. Daga nesa ba ka ganin komai. In ka sa yatsa kuwa, ga layi biyu nan a tsaye kamar tabon tiyata.

Tsohon ya bi layin da babban yatsansa. Ya ce sari ba a ɗinka shi, allura ba ta shiga jikinsa, shi ya sa ake shiga wurin ibada da shi. Ba da faɗa ya faɗa ba. Ya ce idon matarsa ya tafi, amma hannunta yana nan.

Na ninke shi yadda nake ninke kayan sayarwa, na kai tsohon gidan ɗansa. Ban yi niyyar shiga ba, ya ce in ɗauko masa, shi yana riƙe da sanda. Ɗakin irin wanda na sani ne, gadon asibiti a tsakiyar kayan gida, warin magani da man shafawa. Matar ta ƙanƙance, kamar yarinya a cikin bargo, jan ɗigo a goshinta, awarwaro biyu suna yawo a tsintsiyar hannunta. Ya ɗora mata sarin a ƙirji ya yi mata magana a kunne.

Hannunta ya fara tafiya a kai. Ya zo kan ɗinki ya tsaya. Ya koma baya, ya sake bi ta kai, sannan ya wuce, yana lalube har ya sami kusurwar kurkum, ya damƙe. Ta motsa baki. Tsohon ya kai kunne, ya ɗago yana dariya, hawaye na bin gefen hancinsa.

"Ta ce wane mara hankali ne ya ninke shi haka. A nan zai karye."

Na ce ni ce. Na warware yadi tara a kan kujera da gefen gado, tana faɗa yana fassarawa, ina ninkewa, sai da na yi sau biyu kafin ta yarda. Maganar ɗinki ba ta yi ba, ban kuma san abin da ya faɗa mata daga baya ba. Washegari da hantsi ya kira ni ya ce ta tafi. Ban je wurin sallamarta ba, ba hurumina ba ne.

Nas ta je liyafar 'yarta da wani tsohon leshi. Ba ta ɓoye dalili ba, ban kuma roƙe ta ta ɓoye ba. Kafin wata ya ƙare babu wata 'yar Arewa daga Baltimore zuwa bakin kogin Potomac da ba ta ji ba. Wayata ta huta ranar Litinin, ta huta sauran ranakun ma. Wata ta dawo min da sari biyu a leda ta ajiye a ƙofar gareji ba sallama. Daga baya wasu sun dawo, ɗaya-ɗaya, kowace tana cewa kada in faɗa wa wance ta zo, don sun zagaya shaguna sun ga irin wannan silikin ba a yin sa yanzu. Ina faɗa musu na wa ne kafin su taɓa. Wasu su saya, wasu su janye hannu. Nas ɗin muna gaisawa in mun haɗu a biki, tana tambayar bayana, har ta rubuta min sunan wani man zafi. Ba ta ƙara sayen ko ɗan kunne a wurina ba.

Yawancin cinikina yanzu na masu zif ne da duwatsun roba. Ba su da nauyi, ba su da labari, ana sakawa sau ɗaya a ɗauki hoto a manta. Ya fi sauƙi ga baya. In an kira ni gidan akwati ina zuwa, amma tambayoyina sun zama huɗu, ta huɗun kuwa ita nake fara yi: mai kayan tana raye? Duk ƙunshin da na samu an naɗe shi daban a ƙasan akwati, ba na kwancewa. Sai in ɗora shi a kan tebur in ɗauki sauran.

Kwanan baya wata budurwa ta biyo ni har mota da irin wannan ƙunshin, ta ce na manta. Uwarta tana gidan jinya, sun sa gidan a kasuwa. Na ce ban manta ba. Ta ce to me za ta yi da shi, ita ko ɗaurawa ba ta iya ba, ba ta da wurin ajiya. Na ce babanta yana nan? Ta ce yana sama yana barci. Na ce in ya tashi ta kai masa. Ta tsaya a bakin titi rungume da shi, ni kuma na gyara matashin da nake tokare baya da shi, na tayar da mota.